MURYA MA HAJA CE: YADDA AKE AUNA KASET ƊIN GWAJI KAFIN A KAI SHI KASUWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a PK8 da hantsi, daidai inda motocin shiga cikin ƙasa suke lodi, ya san cewa wurin nan kasuwar murya ce kafin ya zama kasuwar komai. 'Yan kamasho na kiran Lambaréné da Mouila da Oyem, masu ayaba na kiran ciniki, ga kuma ƙananan lasifikoki da aka ɗaure a jikin baro ko aka ajiye bisa tebur, suna ta maimaita talla guda tun safe har batir ya mutu. To, waɗannan tallace-tallace ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya zauna ya karanta su a gaban waya ko makirfo, wani kuma ya biya shi, ko da kuwa kuɗin shayi ne.

Sayar da murya ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe. Tun kafin a san rediyo akwai sanƙira a fada, akwai mai shela da ke zagaya gari da saƙon sarki, akwai maroƙin da ke sanar da ɗaurin aure. Bambancin kawai shi ne, a da mai neman aikinka yana ganinka ido da ido, ya san gidanku, ya san wanda ya koya maka. Yau kuwa mutumin da zai ɗauke ka yana iya kasancewa a Kano ko Yamai ko Paris, bai taɓa ganinka ba, ba kuma lalle ne ya gan ka ba har abada. Abin da zai tsaya maka a gabansa shi ne ɗan guntun ɗaukar murya da ka aika, wanda bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Bari mu kira shi kaset ɗin gwaji, ko da yake kaset ya daɗe da ɓacewa, fayil ne a cikin waya.

Da yawa daga cikin samari da 'yan matanmu na nan Libreville suna da muryar da za ta iya ci da su, kuma suna da abin da takwarorinsu na gida ba su da shi, wato Hausa da Faransanci a baki ɗaya. Waɗanda aka haifa a Oyem ko Bitam ko Minvoul ma wasunsu har da harshen Fang. Amma sau da yawa kaset ɗin da suke aikawa shi ne ke rufe musu ƙofa tun ba a kai ga jin muryar sosai ba.

SU WA KE SAYEN MURYA?

Ƙasar nan ba baƙuwar harkar rediyo ba ce. A 1981 ne gidan rediyon Africa N°1 ya fara watsa shirye-shirye daga Libreville, manyan turakunsa na gajeren zango kuma suna Moyabi, can kudu maso gabashin ƙasa. Ƙarfin turakun nan ya sa har gidajen rediyon ƙetare, irin su RFI na Faransa da NHK na Japan, suka riƙa bi ta cikinsu domin su kai ga masu sauraro. Manyanmu ba za su manta da marigayi Patrick Nguema Ndong ba, mai shirin L'Aventure mystérieuse, wanda ya rasu a 2021. Mutumin nan ya sa jama'a daga Dakar har Kinshasa suna kasa kunne cikin dare, tsigar jikinsu na tashi, alhali ba abin da yake riƙe da shi sai labari da murya. Matsalar kuɗi ta durƙusar da tashar daga baya, amma ta bar wa masu sauraron ƙasar nan kunne mai wuyar gamsarwa.

Ta ɓangaren Hausa kuwa, tarihin ya fi haka tsawo. Ran 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC, na minti 15. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus da Rediyon Sin suka buɗe sassansu na Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, sai TRT Afrika ta Turkiyya a 2023. Mafarkin kowane yaro mai daɗin murya shi ne wata rana a ji shi a ɗaya daga cikin waɗannan. Mafarki ne mai kyau, sai dai kujerun kaɗan ne, kuma ba su da tabbas: a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit dare ɗaya.

Aikin da ya fi kusa da hannu ƙanana ne, amma suna da yawa. Akwai tallan shago da na kamfanonin aika kuɗi, akwai sanarwar rigakafi da ta tsabta da ƙungiyoyi ke son a ji a unguwanni, akwai saƙon da ke amsa waya a ofis, akwai bayani a kan hoton bidiyo. A Kano akwai situdiyo irin su Algaita da suka yi suna wajen ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ita ma ta nuna shirye-shiryen ƙetare da aka mayar Hausa. Ga kuma masu karanta littattafan hikaya a YouTube, waɗanda suka gaji abin da gidajen rediyo suka daɗe suna yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin muryar da yake nema, kuma tambayar farko da mai yin kaset zai yi wa kansa ita ce: wa nake so ya saurara? Wanda ya yi kaset ɗaya don kowa da kowa, ƙarshenta ba wanda ya yi wa.

SAKAN GOMA NA FARKO

Masu ɗaukar murya aiki ba sa sauraren kaset har ƙarshe sai ya kama su tun farko. Mutum ne mai tarin fayiloli a gabansa, ya danna wannan, ya ji kaɗan, ya wuce. Saboda haka a ƙasashen da sana'ar ta kafu, kaset ɗin talla ba ya wuce sakan 60 zuwa 90, an yanka shi gunduwa-gunduwa, guda 5 ko 6, kowace sakan 10 zuwa 15, kuma wadda ta fi kyau ita ake sawa a gaba.

A nan ne al'adarmu mai kyau take zame mana cikas. Bahaushe ba ya faɗa wa mutum da magana ba gaisuwa. Sai ka ji kaset ya fara da sallama, da gaida shugaban kamfani da ma'aikatansa, da fatan an tashi lafiya, da sunan mai magana da na mahaifinsa da unguwarsu, da tarihin yadda tun yana yaro ake yaba muryarsa. Kafin ya kai ga aikin, rabin minti ya tafi, mai sauraro kuma ya riga ya danna na gaba. Gaisuwa tana da wurinta, wato cikin wasiƙar da za ta raka kaset ɗin. A can a yi ta yadda ya kamata. Cikin kaset kuwa, suna kawai ya isa, sai aiki. Wasu ma a ƙarshe suke sa sunan.

Abu na biyu da ke kashe kaset shi ne kwaikwayo. Kusan kowane saurayi da ya tashi da rediyo a kunne yana da wani ma'aikacin BBC ko Muryar Jamus da yake ɗauka gwani, har ya haddace yadda yake jan ƙarshen jimla da yadda yake sauke murya. Koyo ta hanyar kwaikwayo ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara. Amma mai sayen murya ya riga ya san na asalin, ba ya bukatar inuwarsa. Daɗin daɗawa, muryar karanta labaran duniya ba ta sayar da sabulu. Wanda zai ce wa uwar gida ta zo ta ga sabbin atamfofi, da muryar maƙwabci zai faɗa, ba da muryar mai sanar da juyin mulki ba. Gwada wannan, mai karatu: karanta tallan kana kallon bango, sannan ka sake karanta shi kana tunanin wata gwaggonka tana zaune gabanka, ita kake gaya wa. Saurari biyun. Na biyun ne ake biya.

Gunduwoyin kuma su bambanta da gaske. In ta farko talla ce mai zafi, ta biyu ta zama sanarwar asibiti cikin natsuwa, ta uku labari, ta huɗu hira tsakanin mutum biyu idan ka iya sauya murya ba tare da ta zama abin dariya ba. In ba ka iya ba, bar shi. Kaset ba wurin nuna abin da kake fatan iyawa ba ne, domin ranar da aka kira ka situdiyo, abin da aka ji a kaset shi za a ce ka maimaita, a gaban mutane, agogo na tafiya.

Wata shawara kuma: kada a ɗauko tallan wani sanannen kamfani a sake karantawa da sunansa. Mai sauraro zai zaci kana da'awar kai ka yi musu aikin, in kuma ya gano ba haka ba ne, amana ta zube. Rubuta naka, da shagon da babu shi. Kiɗan da ke ƙarƙashi ma kada ya zama waƙar wani mawaƙi da aka ɗauko ba izini, kuma a rage shi sosai. Ana son jin ka ne, ba makaɗi ba.

ƊAKI YA FI MAKIRFO

Yawancin masu farawa suna zaton matsalarsu rashin makirfo mai tsada ce. Gaskiyar magana, wayar hannu ta yau a ɗaki mai kyau ta fi makirfon jaka ɗari biyu a ɗaki maras kyau. Ɗakunanmu na haya kuwa, bangon siminti ne, daɓen tayil, rufin kwano. Murya na fita daga baki ta bugi bango ta dawo, makirfo ya kwashi ta farko da ta biyu, sai a ji mutum kamar yana magana daga cikin rijiya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wata 'yar ƙara ta bi bayan tafin, ɗakin bai yi ba.

Maganin ba ya bukatar kuɗi. Abu mai laushi da kauri shi ke shanye amsa-kuwwa: katifa a jingine da bango, bargo a rataye a baya da gefe, darduma a ƙasa, labule a taga. Buɗe ƙofar kabad ɗin tufafi ka fuskanci manyan riguna kana karatu, za ka sha mamakin bambancin. Mota ma, idan an kashe inji an rufe gilasai a wuri maras hayaniya, ɗaki ce mai kyau, in dai mutum zai jure zafi na minti goma. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, wahala ce kawai da gayyatar kyankyaso.

Ƙarar waje kuwa sai dai a guje mata da dabarar lokaci. Mazauna bakin babbar hanya, daga PK5 har PK12, sun san cewa manyan motoci ba sa barin ƙasa ta huta da rana. Tsakar dare ko bayan asuba kafin gari ya farka su ne lokutan ɗauka. Ruwan saman Libreville a kan kwano kuwa babu na'urar da za ta cire shi, sai a jira ya ɗauke. Wanda ke da niyyar yin kaset mai kyau, watannin rani na nan, daga Yuni zuwa Satumba, su ne abokansa. Kafin a danna ɗauka a kashe fanka, a zare firji, a tabbata janaretan maƙwabta ba ya aiki, a kuma rufe hanyar shigowar kira a wayar. Sannan a ɗauki sakan 10 na shiru tsantsa a saurara da abin kunne. Duk abin da aka ji a cikin shirun nan, yana nan kwance ƙarƙashin kowace kalma.

Tsakanin baki da makirfo a bar taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, a kuma ɗan karkatar da shi gefe kada iska ta doke shi kai tsaye. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin harafin "f" na Bahaushe da leɓɓa biyu ake yin sa, yana fita da iska kamar mai hura wuta. Safar nailan da aka miƙe a kan zoben waya, aka tsayar tsakanin baki da makirfo, tana tare wannan iskar kamar yadda rariya ke tare tsaki. A sha ruwa kafin a fara, saboda busasshen baki yana ƙas-ƙas, makirfo kuma ba ya rufa asiri. Masu cin goro su haƙura har a gama. A yi karatun a tsaye, takarda a daidai ido, ba a sunkuye ba.

Don tacewa akwai manhajar Audacity, kyauta ce, tana aiki a kowace kwamfuta. Tana da ma'aunin ƙarfin sauti: kada ya taɓa sifili, ya riƙa tsayawa wajen 6 zuwa 3 ƙasa da shi, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Amma a yi hattara da yawan gyara. Wasu suna cire kowane numfashi har mutum ya koma kamar inji, wasu kuma suna tsananta share ƙara har murya ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa. Mafi muni shi ne ƙara amsa-kuwwa da gangan, irin wadda masu gabatar da biki suke so. A filin biki tana da armashi. A kaset ɗin gwaji kuwa, mai sauraro zai ɗauka ana ɓoye wani aibi ne.

INDA GIZO KE SAƘAR: HARSHEN KANSA

Duk abin da aka faɗa a sama, mai karanta Faransanci ma ya shafe shi. Abin da ya keɓanta da mu shi ne Hausar, kuma a nan ya kamata mu gaya wa juna gaskiya. Yaron da aka haifa a Libreville, ya yi makaranta da Faransanci, yake wasa da Faransanci, Hausarsa ta gida ce, ta aike da gaisuwa. Tana isarsa a kasuwa, amma makirfo na tona abin da hira ke rufewa.

Na farko su ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma "ts" da 'y. Faransanci ba shi da su, harshen da bai saba ba kuma yakan miƙe su. A hira ba wanda zai kula, amma a sanarwa "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa", "ƙarya" ta koma "karya", sai a ga masu sauraro na murmushi inda ba a so. Abin ya ƙara tsanani saboda takardun da ake miƙo wa mai karatu sau da yawa an buga su ba lanƙwasa ko ɗaya. Aikin mai murya ne ya ɗauki biro ya bi takardar kalma-kalma ya sa su kafin ya buɗe baki.

Na biyu shi ne karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na boko ba ya nunawa sam. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, jan wasali ne ya raba su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, hawa da saukar murya ne kawai bambancinsu. Wanda ya tashi a Katsina ko Maraɗi ba ya ma tunani a kai. Wanda ya tashi a nan kuwa, Faransanci ya saba masa da ɗaga murya a ƙarshen kowane yanki na magana, sai ya ɗora wannan kiɗan a kan Hausa, kalmomin duk daidai amma waƙar ta wani ce. Ba a gyara wannan da karatun littafi. Ana gyara shi da kunne: a ɗauki jimla guda daga bakin gwani, a saurara, a maimaita, a ɗauki kai, a kwatanta, kullum minti 15. Da kuma zama kusa da tsofaffi, waɗanda ke nan cikinmu kyauta.

Na uku, wace Hausa? Jama'armu a ƙasar nan gauraye take: akwai zuriyar fataken da suka zauna a arewacin Gabon tun zamanin kakanni, akwai waɗanda suka zo daga Nijar, da Nijeriya, da Kamaru, da Chadi. Wani ya ce "fita", wani ya ce "hita". Wani ya ce "makaranta", wani ya ce "lakwal". Abin da mutumin Kano ke kira asibiti, mutumin Damagaram na iya ce masa likita. Babu wadda ta fi wata asali, kuma kada kowa ya ji kunyar ta gidansu. Amma ciniki ciniki ne. Manyan gidajen rediyo da masu fassarar fim sun fi bin daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano. Tallan da za a sa a kasuwa don 'yan tireda da mahauta kuwa, Hausar da suke ji a jikinsu ita ce daidai. Wanda ya iya biyun ya nuna su a gunduwa dabam-dabam, kada ya cakuɗa su a jimla ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda ta isa ta haɗa mai shago faɗa da abokan cinikinsa. 'Yan'uwanmu da suka fito daga Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce sefa 100, jaka guda ita ce 1,000. To, a ce takarda ta ce kaya 500 F ne, mai murya ya karanta "ɗari biyar" ya yi shiru. Mutumin Nijeriya zai ji 500. Mai lissafin dala kuwa zai ji dala 500, wato sefa 2,500, ya ce kayan sun yi tsada ya wuce. Gwani zai ce "sefa ɗari biyar, wato dala ɗari". Kaset ɗin da ya nuna mai shi ya san irin wannan, ya nuna abin da ba a koya a situdiyo.

Game da harsuna biyu, ya fi kyau a yi kaset biyu, na Hausa dabam, na Faransanci dabam, kowanne da sunansa. In ana so a nuna iya sauyawa, a ƙara gunduwa ɗaya a ƙarshe inda sanarwa guda ta zo da harsunan a jere. Kuma a auna da agogo. Talla ta sakan 30 sakan 30 ce. Idan fassarar Hausa ta yi tsawo, rage kalmomi ake yi, ba gudu ba.

ALƘALAI UKU

Mutum ba ya jin muryarsa yadda wasu ke ji, kuma abokai ba alƙalai ba ne. Ka sa wa abokinka kaset a majalisa, zai ce "kai, wallahi kamar BBC", domin yana ƙaunarka. Wannan yabo ba ya sayen ko burodi.

A ajiye kaset ɗin kwana biyu tukuna ba a taɓa shi ba, sannan a kai shi gaban mutum uku. Na farko tsoho ko tsohuwa mai Hausa tsantsa. Kada a tambaye su ko ya yi daɗi. A ce: "Baba, wace kalma ce ban faɗa daidai ba?" ko "Inna, me kika ji an ce a saya, kuma nawa?" In Inna ta kasa maimaita saƙon bayan ji ɗaya, laifin ba na kunnenta ba ne. Na biyu wanda bai san mai muryar ba, ba kuma a gaya masa ko wane ne ba. A lura da fuskarsa, a ga a sakan na nawa idonsa ya koma kan wayarsa. Daidai wurin nan ne kaset ya mutu, nan za a yanke. Na uku, wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan. Wannan zai ba wasu mamaki, amma a tuna cewa a Libreville mai sa hannu a takardar biya galibi ba Bahaushe ba ne. Ba ya jin ma'ana, yana jin tsabtar sauti, da natsuwa, da ko muryar ta yi kama da ta mai gaskiya. In ya iya faɗin wace gunduwa ce talla, wace ce gargaɗi, wace ce labari, to muryar na aiki.

A saurara kuma ta hanyoyi uku: abin kunne, lasifikar waya, da ƙaramar lasifika irin ta kasuwa, a tsakar gida ana hayaniya. Murya mai kauri da ke da daɗi a abin kunne takan narke a lasifikar baro, a rasa baƙaƙen. In haka ta faru, buɗe baki za a ƙara, ba ƙarfi ba.

KAFIN A DANNA AIKAWA

Kada a aika kaset a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin manhajar tana matse sauti ta rage masa kyau. A aika shi a matsayin fayil. MP3 mai inganci 192 ya wadatar, kuma na sakan 90 bai fi megabayit 2 da 'yan kai ba. A ajiye na asali a WAV don ranar da za a nema. Sunan fayil ya ƙunshi sunan mai shi da harshen da irin aikin. Duk lokacin da aka sami aiki na gaske da ya fi wata gunduwa kyau, a nemi izinin mai aikin a musanya.

Akwai kuma haɗarin da masu kaset na da ba su sani ba. Yau kwamfuta na iya koyon muryar mutum daga ɗan abin da ya karanta, ta riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Wata mai sana'ar murya 'yar Kanada, Bev Standing, ta karanta dubban jimloli don wani aikin fassara, daga baya ta ji muryarta na karanta rubutun mutane a TikTok. Ta kai ƙara a 2021, aka sasanta a wajen kotu. A Amurka, masu ɗora murya a wasannin kwamfuta sun shiga yajin aiki a Yuli 2024, suka yi kusan shekara guda, kuma wannan batu na cikin manyan dalilansu. Hausa na cikin harsunan da kamfanoni ke neman muryoyinsu don koya wa na'ura. Aiki ne kamar kowane aiki, amma mai shiga ya san abin da yake sayarwa, kuma farashinsa ba ɗaya ba ne da na talla guda.

Saboda haka idan wani ya ji kaset ya turo doguwar takarda ya ce a karanta "don gwaji", a karanta layi uku ko huɗu kawai, kada a ba shi aikin dukansa kyauta. In an yi ciniki, a rubuta, ko da a saƙon waya ne: ina za a sa muryar, kasuwa ko rediyo ko intanet, har tsawon wane lokaci, nawa za a biya, sau nawa za a sake ɗauka ba ƙarin kuɗi, da kuma cewa ba a yarda a koya wa na'ura ita ba sai da sabuwar yarjejeniya. Rabin kuɗi kafin aiki, rabi kafin a miƙa fayil na ƙarshe.

A karanta takardar da kyau kuma kafin a karɓa, musamman ta masu magani. Mu nan 'yan kaɗan ne, kowa ya san muryar kowa. Idan lasifika ta yini a tasha tana cewa kwalba ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, mai kwalbar na iya naɗe kayansa ya koma Ntoum ko Kango gobe. Mai muryar kuwa yana nan a unguwa, kuma ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.